Bayan Narambaɗa, Wa Ke Shirya Sabuwar Waƙar Kotso?

Hanyar da ta tashi daga Ƙaura Namoda ta miƙe arewa, ta ratsa Moriki, ta faɗa Shinkafi, ta zarce Isa, a yau ba a ambatonta sai da addu'a. Direba ba ya hawanta sai ya tambayi wanda ya fito, fasinja kuma ba ya sakin tasbaha sai ya hango gari. Haka ma ɗayar da ta karkata ta nufi Zurmi ta ɓulle Jibiya. Amma dattawan da suka san ƙasar nan kafin wannan masifa ta 'yan bindiga sun san hanyoyin da wani abu daban. Bayan gyaɗa da auduga da ake kai wa tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura tun 1929, bayan shanun kasuwar Alhamis ta Shinkafi, hanyoyin nan sun sha ɗaukar makaɗan sarauta, su da 'yan amshinsu, kotsanninsu rataye a kafaɗa, daga wannan fada zuwa waccan.

A cikinsu babu wanda sunansa ya kai na Ibrahim Narambaɗa. A Tubali aka haife shi, a ƙasar Shinkafi ta yanzu. Ya fara da kiɗan noma kafin ya koma kotso, ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, jinin Shehu Usmanu. Daga Isa yake fita ya yi wa masu sarauta da alƙalai waƙa a Shinkafi da Ƙaura da Zurmi da Moriki. Ya rasu a farkon shekarun 1960, Allah ya jiƙansa. Sama da shekara sittin ke nan, amma har gobe idan Bahaushe ya so ya ce mawaƙi ya yi waƙar da ta fi duk waƙoƙinsa, sai ya ce ya yi Bakandamiyarsa, wato ya aro sunan waƙar da Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana tambaya ce guda, wadda ban cika jin ana yinta ba. Muna sauraren tsofaffin waƙoƙin, muna haddace su, muna rubuta digiri a kansu. To, wa ke shirya sababbi? Ina nufin sabuwar waƙar kotso mai gindinta da ɗiyanta da raujinta, wadda aka zauna aka yi wa aiki na watanni, wadda za a iya ajiye ta kusa da waƙar Narambaɗa ta Dokin Iska Ɗanhilinge ba ta ji kunya ba.

Yadda ake gina ta

Mutane da yawa suna ɗauka cewa makaɗin gargajiya buɗe baki kawai yake yi waƙa ta zubo. Akwai masu wannan baiwa, kuma marigayi Mamman Shata ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take a filin wasa. Makaɗan fada na ƙasar Zamfara da Gobir da Kabi ba haka suke aiki ba. A gida suke shirya waƙa, su da yaransu, yawanci da dare bayan gari ya yi shiru, kuma ba a kai ta gaban sarki sai ta nuna.

Abu na farko shi ne gindi, wato 'yan layukan nan biyu ko uku da 'yan amshi za su riƙa komawa gare su har waƙa ta ƙare. Gindi ne ke ɗauke da sunan wanda ake wa waƙar ko kirarinsa, shi ne ke ɗauke da rauji, kuma daga gare shi ake ciro kiɗan. Idan gindi ya yi rauni, komai kyan ɗiyan da aka ɗora masa waƙar ba ta tsayawa. Shi ya sa jagora kan daɗe yana juya shi a baki, ya rera, ya canza kalma, ya sake rerawa, yaransa suna karɓa, har sai ya zauna daram a kan bugun kotso. Bayan nan ne ake shiga ɗiya. Wani ɗan na yabo ne, ya jero kakanni da garuruwan da suka ci. Wani na zuga ne. Wani habaici ne ga ɗan sarkin da ke hangen gadon, wani zambo ne tsagwaronsa, wani kuma roƙo ne da aka lulluɓe shi da hikima har mai bayarwa ya ji daɗin bayarwa. Jera su ma wani aiki ne, domin makaɗin kirki ya san inda zai ɗaga hankalin fada da inda zai kwantar da shi, ya san lokacin da dariya za ta yi amfani da lokacin da za ta ɓata masa waƙa.

Akwai wata wahala da mai saurare ba ya lura da ita saboda an riga an warware ta kafin ta iso kunnensa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da hawanta ko saukarta, kuma tana da tsawonta ko gajartarta. Mai shirya waƙa ba shi da 'yancin ɗora kowace kalma a kan kowane rauji. Idan rauji ya hau a inda kalma ke son sauka, ma'ana takan gurɓace ko kunne ya ƙi karɓa. Idan doguwar gaɓa ta faɗa a gurbin gajera, kiɗa ya yi tuntuɓe. Ke nan kowane layi sai ya biya bukata uku a lokaci guda: ya faɗi abin da ake so, ya bi rauji, ya hau kiɗa. Manazarta irin su marigayi Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya sun shafe shekaru suna auna yadda mawaƙan Hausa ke daidaita nauyin gaɓa da bugun kiɗa, abin da su makaɗan suke yi da kunne tun suna yara.

Sai kuma amshi, wanda a ganina shi ne inda makaɗan Zamfara suka yi wa kowa nisa. A wajen makaɗa da yawa, ɗan amshi maimaita gindi kawai yake yi. A rukunin kotso aikinsa ya fi haka. Jagora kan fara layi ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa. Wani lokaci su raka muryarsa, wani lokaci su rabu gida biyu suna miƙa wa juna layi, shi kuma ya shigo ta samansu. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya yi rayuwarsa a kan nazarin waɗannan makaɗa, ya bambance waɗannan dabaru da sunayensu, irin su ƙari da rakiya da karɓeɓeniya. Duk wanda ya saurari rukunin Musa Ɗankwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya ji yadda muryoyi ke shiga cikin juna ba tare da wani ya taka wani ba. Wannan ba ya samuwa da sa'a. Mutane ne da suka shekara goma, ashirin, suna kwana suna tashi tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa ke jan numfashi. Shi kansa Ɗankwairo ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa, sannan a bayan yayansa Abdu Kurna, kafin ya ja nasa rukunin.

Na kan kwatanta wannan aiki da ɗinkin babbar riga mai aska takwas na hannu. Keken zamani zai fitar da zanen cikin yini guda, daga nesa ma ba za ka bambance ba, amma wanda ya san riga yana juya cikinta zai gane.

Kotso a hannu

Shi kansa abin kiɗan ya cancanci a tsaya a dube shi. Kotso icce ne da aka fafe, mai siririn ƙugu kamar kalangu, sai dai baki ɗaya ake rufewa da fata, ɗayan a bar shi buɗe. Igiyoyin fata sun taso daga bakin da aka rufe sun sauka zuwa gindinsa. A tsakiyar fatar ana manna nake, wani baƙin danƙo da ke ba kotso zurfin murya. Ba a sa masa makaɗi, da yatsu ake buga shi. Makaɗi kan rataya shi ya danne a hammata, idan ya matse igiyoyin murya ta hau, idan ya sassauta ta sauka, har ya iya jan sauti ɗaya daga ƙasa zuwa sama ba tare da ya yanke ba. Kafin a fara wasa za ka ga mutum ya sunkuya yana murza naken da babban yatsa, ya ɗan buga, ya kara kunne, ya rage kaɗan, ya sake bugawa. Da damina fata kan saki, da hunturu ta ɗaure, don haka gyaran jiya ba ya yi wa yau aiki. Kuma ba nasa kaɗai yake saurare ba, sai ya ji ya zauna daidai da na sauran da kuma muryar jagora a wannan ranar.

'Yan amshin nan su ne kuma makaɗan. Mutum yana buga kiɗa da yatsu, yana matsa igiya da hannu, yana jiran gurbin da zai cafe layi da baki. Wanda bai taɓa gwadawa ba ba zai san nauyin abin ba.

Kusa da kotso akwai taushi, wanda mutanen yankin ke kira tabshi, abin kiɗan Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya, makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Akwai Sa'idu Faru na ƙasar Maradun, wanda ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙoƙi tun yana Sarkin Kudu. Idan aka haɗa su da Narambaɗa da Ɗankwairo, za a ga cewa ƙasar da ta zama jihar Zamfara a 1996 ta fitar da kaso mai tsoka na manyan makaɗan fadar Hausa na ƙarnin da ya wuce.

Wa ke ciyar da mai shirya waƙa?

Aiki irin wannan yana cin lokaci, lokaci kuma sai da abinci. Fada ce ta ɗauki wannan nauyi. Sarki ya ba makaɗinsa gida da gona da damman hatsi, ya ba shi doki da riga da rawani, shi kuma ya zo da sabuwar waƙa ranar sallah, ko ranar naɗi, ko idan an yi babban baƙo. Tsakanin sallah da sallah yana da sararin zama da yaransa.

Turawa ma ta wannan hanya suka bi. Joseph Haydn, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan okestira, ya shiga hidimar gidan sarautar Esterhazy a 1761, ya yi kusan shekara talatin yana sanye da tufafin barorin gidan, yana rubuta kiɗa duk lokacin da uban gidansa ya bukata. Abin da ya samu a can shi ne abin da Narambaɗa ya samu a Isa: ciki a ƙoshe, makaɗa a hannu kullum, da mai saurare wanda ya san kiɗa. Bambancin ya zo ne daga baya. Da ƙarfin gidajen sarautar Turai ya ragu, sana'ar ta sami wasu masu riƙe ta. Aka gina zauruka ana sayen tikiti, kamfanonin ɗab'i suka riƙa buga takardun kiɗa, sannan gidajen rediyo da jami'o'i da gidauniyoyi suka shigo. Har yanzu BBC tana biyan masu shirya kiɗa su rubuta sababbin ayyuka don bikinta na Proms da ake yi duk shekara a Landan. Ana biyan mutum tun kafin ya rubuta, a ba shi watanni, a tanadar masa makaɗan da za su yi atisaye.

Mu a nan, da aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka zo da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, hakimi ya koma mai jiran albashi. Wanda ke jiran albashi ba ya iya riƙe mutum takwas da iyalansu don su zauna suna gyara gindin waƙa. 'Yan kasuwa da manyan ma'aikata sun ɗan tare gurbin, shi ya sa waƙoƙin Ɗankwairo na ƙarshe suka cika da sunayen alhazai. Daga baya 'yan siyasa suka zama manyan masu bayarwa. Ɗan siyasa kuwa yana son waƙarsa jibi, kafin taron gangami, kuma ba ya bukatar ta wuce ranar zaɓe. Ban ga laifin mawaƙin da ya karɓi wannan aiki ba, yana da iyali. Sai dai waƙar da aka yi cikin kwana biyu don ta rayu wata uku ba za ta taɓa zama abin da muke magana a kai ba.

Akwai kuma wata damuwa da mai shirya kiɗan zamani a Jamus ko Amurka zai gane nan take. Shi a can yana gogayya da matattu, domin masu sayen tikiti sun fi son a maimaita musu Beethoven da Mozart a kan a kawo musu sabon abin da kunnensu bai saba da shi ba. Magajin makaɗin kotso ma haka. Idan aka gayyace shi naɗin sarauta, abin da ake so ya rera waƙar mahaifinsa, ya cire sunan wancan sarki ya sa na wannan. Jama'a su yi ta liƙi saboda sun tuna da. Idan ya kawo sabuwa sai fuskoki su yi sanyi. A hankali ya gane cewa sabon aiki wahala ce marar riba, ya zama mai gadin kayan gado. Gadin yana da amfani, ba don su ba da wasu waƙoƙin sun ɓace. Amma Narambaɗa bai zama Narambaɗa da maimaita na wasu ba.

Situdiyo da fiyano

Yau matashin da Allah ya ba baiwar waƙa a Ƙaura ko Shinkafi, Gusau ko Kano zai nufa, ya shiga situdiyo. Mai fiyano ya danna masa kiɗa daga na'ura, ya rera, a gyara muryar da kwamfuta, da yamma waƙa ta shiga wayoyi. An yi waƙoƙin sarauta masu kyau ta wannan hanya. Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, da Naziru M. Ahmad sun nuna cewa matasa na son jin kirarin sarakuna da tsohuwar Hausa idan an kawo musu ita da kayan zamaninsu. Wannan abin a yaba ne.

Sai dai a san abin da ke salwanta a hanya. Fiyano an rarraba muryoyinsa ne hawa goma sha biyu daidai wa daida, bisa tsarin Turai. Raujin makaɗan kotso yawanci a kan muryoyi biyar yake yawo, kuma ba dole su faɗa daidai kan maɓallan fiyano ba. Jan sautin nan da kotso ke yi idan an matse igiya, maɓalli ba ya yinsa. Na'urar gyaran murya kuma aikinta ke nan ta jawo duk muryar da ta kauce ta mayar da ita kan maɓalli, alhali a wajen tsofaffin makaɗa wannan ɗan kaucewar ita ce gishirin. Bugun na'ura ba ya gaggawa ba ya jinkiri, shi kuwa rukunin kotso yana numfashi tare da jagora, ya ɗan ja idan magana ta yi nauyi, ya ɗan ƙara wuta idan zuga ta taso. Mafi girman asara ita ce amshi. A situdiyo mutum ɗaya kan rera amshi a ninka muryarsa, a yanko a liƙa duk inda ake bukata. Cafe layin nan da miƙa wa juna, wanda sai an shekara ana koyo, babu gurbinsa.

Abin da ke ƙara mini ciwo shi ne, waɗannan abubuwa da muke zubarwa su ne manyan masu shirya kiɗa na duniya suka zo nema a Afirka. Steve Reich na Amurka ya je Gana a 1970 ya zauna gaban makaɗan Ewe, ya koma ya rubuta Drumming, aikin da ya canza alƙiblar kiɗan zamani a Yamma. György Ligeti ɗan Hangari ya saurari faifan busar ƙahonnin mutanen Banda Linda na Afirka ta Tsakiya da Simha Arom ya ɗauko, abin ya shiga cikin darussan fiyanon da ya fara fitarwa a 1985. A Nijeriya ma akwai waɗanda suka bi wannan hanya daga nasu gefen. Fela Sowande ya rubuta African Suite a 1944. Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, ya yi digirinsa na uku a kan gangar dundun ta Yarabawa, ya kuma nemi hanyar da fiyano zai yi magana kamar ganga. Joshua Uzoigwe ya yi irin wannan da kiɗan ƙasar Ibo. Su sun sami coci da gidan rediyo da sashen koyar da kiɗa, irin na Jami'ar Nsukka da aka buɗe tun farkon shekarun 1960, sun koyi rubuta sauti a takarda, suka juya suka dubi kiɗan gidajensu da wannan ilmi. A Mali, marigayi Toumani Diabate ya zauna da molonsa na kora a gaban babbar okestirar Landan a 2008, kuma kowane ɓangare ya saurari ɗan'uwansa.

Mun rubuta kalmomi, mun bar sauti

Ba za a ce malamanmu sun yi barci ba. Littafin Farfesa Gusau, Makaɗa da Mawaƙan Hausa, ya adana tarihin da ba don shi ba da ya bi iska. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafi sukutum a kan Narambaɗa a 2009. Jami'ar Bayero ta shirya babban taro a kansa a 2019. Kundayen digiri a kan salo da jigo da habaici a waƙoƙin fada sun cika kantocin Kano da Sakkwato da Zariya.

Amma kusan duk wannan aiki a sassan harshe da adabi aka yi shi, kuma masu yinsa malaman adabi ne. Sun rubuta abin da makaɗi ya faɗa, sun fassara, sun feɗe. Abin da yatsunsa suka yi, da yadda raujin ya hau ya sauka, da gurbin da kowane ɗan amshi ya shigo, wannan ya tsaya a cikin faifai. Littafin David Ames da Anthony King na 1971, wanda ya tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da yadda ake amfani da su, har yanzu shi ake komawa gare shi, shekara hamsin da ɗoriya. Faifan Narambaɗa kuwa an ɗauke su ne a ƙarshen rayuwarsa da na'urorin wancan zamani, an kwafa daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa memori, kowace kwafa tana cin wani abu. Je ka rumfar mai cajin waya a kowace tasha ka ce a tura maka Narambaɗa, za a tura maka, amma kotson ya koma wani gunji can ƙasa, da ƙyar za ka rarrabe bugun wannan da na wancan. Yaron da ke son koyon kiɗan daga wannan faifai ba zai iya ba. Sai ya ga hannu.

Hannuwan kuma suna ƙarewa. A al'adarmu sana'ar kiɗa gado ce, kuma ba kowa ke son a ce masa ɗan maroƙa ba. Yaron gidan makaɗa da ya yi boko ko ya yi zurfi a karatun addini yakan nisanci kotso, wani don kunya, wani don abin da ya ji daga malaminsa. Malamai sun daɗe da saɓani a kan kiɗa, kuma ba a wannan shafi za a raba gardamar ba. Abin da tarihi ya nuna dai shi ne fadar Sarkin Musulmi da kanta ta riƙe makaɗanta, kuma waƙoƙin nan cike suke da kiran sarki ya yi adalci, ya riƙe amana, ya tuna kakanninsa.

Waƙa a lokacin bindiga

Ƙasar Zurmi ta fitar da wani gwani na daban, Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri da mafarauta, wanda kuma ya yi wa ɓarayi waƙa, irin su Nomau na Magarya. Babu mai musun gwanintarsa, Hausarsa kaifi gare ta, zugarsa na tayar da tsikar jiki. A zamaninsa mutane sun saurare shi suna murmushi, domin ɓarawon da yake wasawa mai fasa ɗaki ne da dare. Yau da aka wayi gari ana kwashe ƙauye guda a kora daji, an kuma ji waƙoƙin yabon jagororin 'yan bindiga suna yawo a wayoyi, tambayar ta zama mai nauyi: wa ya cancanci a wasa shi? Mai shirya waƙa a arewacin Zamfara ba zai kauce mata ba. Zuga makami ce, tsofaffin makaɗa sun san haka, da ita suke tura sarki yaƙi.

Rashin tsaron ya taɓa sana'ar ta kowace fuska. Atisayen dare ya zama haɗari a ƙauye. Tafiya daga fada zuwa fada ta zama kasada. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, an dakatar da kasuwannin mako, wuraren da makaɗi ke samun masu saurare da abin sawa a baki. Iyalai da yawa sun watse zuwa Gusau da Ƙaura da Sakkwato, wasu sun tsallaka Maraɗi. Rukunin kiɗa kuwa idan ya watse, haɗa shi ba kamar tara ma'aikata ba ne. Kuma a daidai lokacin da ake ƙoƙarin raba Bahaushe da Bafillace a wannan yanki, yana da kyau a tuna cewa waƙar kotso ta haɗa su tun da daɗewa. Makaɗi Bahaushe ne ke tsayawa gaban sarki jikan Shehu a Isa, ko gaban Fulani Alibawa a Ƙaura da Zurmi, yana jero masa kakanni da harshen da dukansu ke alfahari da shi.

Abin da za a iya yi

Maƙwabtanmu sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya tun 1989, da ɗakin adana kayan kiɗan gargajiya. Marigayi Malam Mamman Barka ya tafi gaɓar Tafkin Cadi a farkon shekarun 2000 ya zauna wajen dattijon da ya rage yana kaɗa biram, abin kiɗan Buduma, ya koya, ya fita da shi duniya. A gida ma, a Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, hawan da ba ya cika sai da kakaki da algaita da tambari.

Abu na gaggawa shi ne ɗauka. A nemo dattawan da suka yi amshi a manyan rukunai, da masu fafe kotso da masu haɗa nake, a zaunar da su a wuri mai aminci, a ɗauki kowane kotso da makirufonsa, a ɗora kyamara a kan yatsu, a bar su su yi bayani da bakinsu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda tun 1983, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suna da ɗakuna da matasan da za su iya wannan aiki. A kuma sami ko da yara kaɗan ne da za a koya musu kotso a hannun masu shi, a koya musu rubutun sauti a takarda, domin a sami Bahaushen da zai yi wa kiɗan fada abin da Akin Euba ya yi wa dundun.

Amma adanawa kaɗai ba ta wadatar ba, sai an sa an yi sabo. Masarautun Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da Moriki, da attajiran yankin da ke zaune Abuja da Kano, za su iya haɗa hannu su ɗauki rukuni ɗaya ko biyu, a biya su kuɗin wata shida tun kafin su buɗe baki, da sharaɗi guda: waƙar da za su kawo ranar sallah ta zama sabuwa fil, gindinta da raujinta, kuma da kotso za a yi ta. Ba lalle ta zama yabon mutum ba. Narambaɗa ya yi wa doki waƙa, Sarkin Taushin Katsina ya yi wa 'yancin kai. Gulbin Gagare da na Bunsuru suna nan, jirgin Ƙaura da ya daina zuwa yana nan a zukatan tsofaffi, ga matan da ke kwana a makarantu da 'ya'yansu bayan an ƙone musu gari. Abin faɗa bai ƙare ba. Ta farko wataƙila ba za ta yi armashi ba, ta biyu ma haka, a ci gaba da biya.

Allah ya ja zamanin sarakunanmu, kuɗin da za a kashe a wannan aiki bai kai na motar rakiya guda ba. Dattawan da suka san sirrin amshin nan sun manyanta, kuma yawancinsu ba su da wanda suke koya wa. A neme su bana.